Rairayin Kifin Alƙasum

Alƙasum ya yi shekara ashirin da ɗoriya a Abijan, yana aiki a shagon wani ɗan Labanan mai sayar da kifin ado. Da ya tashi dawowa Tawa gaba ɗaya, bai zo da mota ko injin niƙa ba kamar yadda tsaransa suke yi. Abin da aka sauke masa daga saman bas wani dogon akwatin gilashi ne naɗe cikin tsohuwar katifa, da buhun farin rairayi, da buhunan gishirin teku, da wasu duwatsu masu huji-huji. Kifin daga baya suka iso. Jirgi ya kawo su Yamai, shi kuma ya je ya rungumo su cikin kula har gida. Guda uku ne: biyu launin lemo masu farin ɗamara, ɗaya shuɗi kamar an tsoma shi a rinin baba.

Matarsa Haula mutuniyar Bambeye ce. Ruwa mafi girma da ta taɓa gani shi ne tafkin Tabalak, shi ma ta tagar mota. Ita ta riƙe gidan duk shekarun da yake can, ta aurar da ƴaƴa huɗu, ta binne surukarta. Tana kallo ya ware ɗaki mafi sanyi a gidan ya ba kifi. Ya sa pano mai ɗaukar wuta daga hasken rana a saman rufi da batir biyu saboda kada injin da ke motsa ruwan ya tsaya idan an ɗauke wuta. Ya ɗaura ƴar fanka tana hura saman ruwan. Da zafi ya tsananta sai ya riƙa daskarar da ruwa cikin robobi yana jefawa ciki. Maƙwabta suka yi ta zuwa kallo har suka gaji suka daina. Rairayin da ke shimfiɗe a ƙasan akwatin fari ne tas kamar garin shinkafa, kuma da shi Alƙasum ya fi alfahari. Yakan ce wa baƙo, kada ka dubi kifin, dubi ƙasa, nan ake gane mai kiwo.

Shekara uku ana haka. Wata safiya a farkon bazara ya sunkuya zai ɗauki buta sai ya faɗi a tsakar gida. Da aka sallamo shi daga asibiti, ɓarinsa na dama ya shanye, bakinsa ya karkace, kalmomin da suka rage masa ba su fi a ƙirga da yatsu ba, su ma sai an kasa kunne.

Haula ta sa aka maido gadonsa ɗakin kifin, domin nan ne kawai idonsa yake tsayawa wuri ɗaya. Ta yaye labulen tagar gabas, wanda shi bai taɓa yayewa ba, saboda ta ga ɗakin ya yi duhu da yawa ga marar lafiya. Daga nan rayuwarta ta koma abu ɗaya ana maimaitawa. Ta tashi ta juya shi, ta wanke shi, ta canza zanen gado, ta dama kunu ta ba shi a cokali, rabi ya shiga rabi ya zubo ta gefen baki. Ta murza masa hannu da ƙafa da man da likita ya rubuta. Ta yi wanki, ta ɗora tukunya, ta karɓi masu zuwa gaisuwa, waɗanda kowannensu sai an shimfiɗa masa tabarma an kawo masa ruwa. Kafin ta zauna an kira la'asar. Ƙafafunta suka fara kumbura, ta daina sa takalminta ta koma jan silifas ɗinsa.

Kifin ta kula da su gwargwadon abin da ta gani yana yi. Ta san ruwan yana raguwa kullum saboda fankar, kuma ta san ana ƙarawa ba tare da gishiri ba. Abin da ba ta ɗauka da muhimmanci ba shi ne inda yake samo ruwan. Shi yakan ɗaura bido biyu, manyan jarkoki, a bayan moto, wato babur ɗinsa, ya tafi can wajen gari, wurin wani mai ƙulla ruwan leda, ya ciko daga injin tacewarsu. Haula ba ta iya tuƙa moto ba, ba ta kuma da wanda za ta bar wa marar lafiya. Ruwa dai ruwa ne. Ta riƙa ɗiba daga randa tana zubawa.

Abinci kuma ta sake musu hannu. Ta lura cewa idan ta barbaɗa garin abincin, kifin suka taso suna wawaso, gefen fuskar Alƙasum mai rai yakan motsa kamar zai yi murmushi. Sai ta riƙa zubawa da safe, da rana, da yamma, da duk lokacin da ta ga ya yi shiru da yawa. Masu zuwa gaisuwa su ma suka gane, kowa ya zo sai ya ɗebi kaɗan ya watsa, ya ce, "Malam, ga mutanenka suna gaishe ka."

Ba ta san ranar da abin ya fara ba. Wata rana dai tana share ɗakin ta ga rairayin ya yi dabbare-dabbare da wani abu ruwan ƙasa, kamar an barbaɗa garin ƙuli-ƙuli. Ta sa ludayi ta motsa, abin ya tashi kamar ƙura ya ɓace, ƙasa ta koma fara. Washegari da hantsi ya dawo, har ya hau gilashi da duwatsu. Ta sake motsawa. Ta sa sabon soso ta goge gilashin. Haka ta ƙara wa kanta aiki ɗaya a kan ayyukan da take da su, tana yi tana tsaki a ciki.

Duk lokacin da ta ɗauko kwano daga randa za ta zuba a akwatin, sai Alƙasum ya ɗaga hannunsa na hagu yana bugun katifa.

"Ruwa," yake cewa. "Ruwa."

"To, Malam, bari in gama."

Ta zuba, ta ɗauko kofinsa ta tallafi kansa. Ya kau da fuska. Wani lokaci ya sha don dole, wani lokaci ya ture kofin ruwan ya jiƙa zanen da ta canza ɗazu. Ranar da ya yi haka karo na biyu a yini ɗaya, ta ajiye kofin a ƙasa ta fita. Ta zauna a bakin murhu ba ta yi kuka ba, ba ta da ƙarfinsa. Ta dai zauna tana kallon toka har ta ji yana tari, ta tashi ta koma.

Da zafi ya kai tsakiyarsa, abin nan mai launin ruwan ƙasa ya samu abokin zama. A kusurwar da ke bayan babban dutse wani abu ja mai duhu ya fito, launin soɓo da ya kwana. Wannan ba ya tashi kamar ƙura. Shimfiɗe yake kamar yanar kunu, idan ta sa ludayi sai ya yage ya naɗe a jiki, ya bar guntaye suna yawo cikin ruwan. Duk inda guntu ya sauka, nan sabo yake tsira. Cikin mako biyu ya rufe rabin rairayin. Ɗakin ya fara wani wari kamar bakin tafki idan ruwa ya janye. Alƙasum ya daina kallon akwatin, ya koma kallon rufi.

Shuɗin kifin ne ya fara laɓewa. Ya daina fitowa cin abinci, yana tsayawa kusa da saman ruwa yana buɗe baki. Wata safiya ta same shi kwance a kan jan abin, launinsa ya koɗe. Ta sa hannu ta ɗauke shi a hankali, ta juya baya don kada Malam ya gani, amma ya gani. Ta fita da kifin a tafin hannunta ta rasa inda za ta kai shi, daga ƙarshe ta tona ƙarƙashin bishiyar dogon yaro ta rufe, don kada kaji su tsince shi.

A ranar Jumma'ar makon ne autarsu Shamsiya ta zo daga Takanamat, inda take koyarwa a makarantar firamare. Ta shiga ta durƙusa ta gaida mahaifinta, ta daɗe riƙe da hannunsa. Da ta fito ta tarar da uwarta tana matse zanen gado, ta karɓa daga hannunta.

"Inna, kin dubi ƙafafunki kuwa?"

"Na gan su."

"Wannan abin kuma da ke ɗakin Baba, wari yake. Ba kyau marar lafiya ya kwana cikin wannan wari."

"Ina gogewa kullum. Ban san mi yake so ba."

Shamsiya ta shanya zanen, ta dawo ta zauna kusa da ita, ta rage murya. Ta ce akwai wani mai otal a hanyar Agadas da ya taɓa zuwa kallo lokacin Baba yana lafiya, ya ce yana so. Ta ce za ta iya nemo lambarsa. A ba shi kyauta ma, ya zo da motarsa ya kwashe, kifin su samu mai kula da su, Inna ta samu ta miƙe ƙafa.

Maganar ta yi wa Haula daɗi har ta ji kunyar daɗin. Ta tuna shekarun da take kwana ita kaɗai da yara da zazzaɓi, shi yana can yana wanke wa kifin mutane gilashi. Ta tuna ranar da ya dawo, yadda ya fi damuwa da kada akwatin ya tsage fiye da ya dubi yadda ta tsufa.

"Auta," ta ce, "in aka fitar da shi, mi zai kalla?"

"Yanzu ma ba ya kallo, Inna."

"Don ya ɓaci ne."

Shamsiya ba ta ja maganar ba. Ta ce to, in haka ne a tambayi wanda ya sani. Ta shiga ta ɗauko salular mahaifinta ta yi ta dubawa har ta samu sunan Manzo, wani mutumin Keita da suka yi aiki tare a shagon Abijan, wanda har yanzu shi yake aiko da gishirin ta hannun direbobin bas. Ta kira shi kiran da ake ganin fuska.

Manzo ya fito a ƴar fuskar salular, furfura ta cika masa gemu, bayansa akwatuna ne jere suna haske. Ya gaisa da Haula, ya yi mata sannu da jinya, ya ce a nuna masa yayansa. Da ya ga Alƙasum sai ya shiga yi masa ba'a irin tasu ta dā, yana cewa ya gudu ya bar shi da aiki ya je ya kwanta. Alƙasum ya ɗaga hannu. Daga nan Shamsiya ta juya salular ta nuna akwatin.

"To," in ji Manzo. Ya daɗe yana dubawa. "Shamsiya, kusanto da ita ƙasa. Matar yaya, abubuwan da ke hawa rairayi iri-iri ne, kuma kowanne da maganinsa, sai mun san da wa muke magana. Akwai sirinji a gidan?"

Akwai wanda ake ba Malam magani da shi. Manzo ya ce Haula ta cika shi da ruwan akwatin ta fesa a kan wurin da yake ruwan ƙasa. Ta fesa, abin ya tashi ya watse.

"Kin gani, kamar ƙura. Wannan mai sauƙi ne. Abin da ke cikin ruwa yake ci, in aka daina ba shi zai tafi da kansa. Yanzu fesa wa jan."

Ta fesa, gefen ya ɗago ya naɗe kamar fatar da ta saɓule.

"Wannan shi ne mai wahala. Ba gansakuka ba ce sosai, ko da yake kama take. Yana son ragowar abinci da kashin kifi, yana son haske, yana son wurin da ruwa ba ya motsi. Da dare kuma yana shaƙe iskar da kifi suke numfashi da ita. Bari in tambaye ki abu guda. Kin ga wani mai yauƙi kamar miyar kuɓewa, yana miƙewa sama zare-zare, da ƴan kumfa a bakinsa, da asuba babu shi, rana ta ɗaga ya dawo?"

Haula ta sunkuya ta duba. "A'a. Wannan kullum yana nan, safe da yamma."

"Alhamdu lillahi. Wancan dafi gare shi, da shi ne da na ce ki yi haƙuri. Wane ruwa kike ƙarawa?"

"Na randa."

"Na pompo ke nan."

"I."

Daga kan gado Alƙasum ya bugi katifa da ƙarfi. "Ruwa," ya ce. "Ruwa."

Haula ta juya ta dube shi. Yana nuna randar da ke bakin ƙofa da yatsa, yana girgiza kai. Ta tsaya da sirinjin a hannu. Wata biyu tana ɗura masa ruwan sha yana turewa.

"Ashe abin da kake faɗi ke nan," ta ce.

Ya rufe ido, ya sauke hannun.

Manzo bai tsaya kan wannan ba, ya ci gaba. Ruwan pompo yana da kyau ga mutum, amma akwai abubuwa narke a ciki waɗanda ido ba ya gani, ruwa ya bushe su su zauna, kullum suna taruwa. Dole a koma ruwan injin tacewa. Abinci sau ɗaya a yini, abin da yatsa biyu za su tsunkuno, kuma a ɓoye gwangwanin daga baƙi. A mayar da labulen taga. A ciro ɗan injin da ke tura ruwa a wanke shi, domin daga yadda yake ganin saman ruwan, ya toshe, a kuma juya bakinsa ya dubi kusurwar bayan dutse. Jan abin kuwa kada ta sake motsa shi da ludayi, shuka shi take yi. A zuƙe shi da tiyo ya fita waje gaba ɗaya, a maye ruwan da ya fita da sabo wanda aka haɗa da gishiri aka auna.

"Bayan kin zuƙe, ki kashe fitilar akwatin, ki rufe shi da bargo, kada haske ko kaɗan ya shiga. Ki bar saman a buɗe saboda fanka. Kwana uku."

"Kifin fa?"

"Ba abin da zai same su. Yayana ne dai ban sani ba."

Washegari Shamsiya ta hau kabu-kabu da bido biyu ta tafi wurin masu ruwan leda. Haula ta samo tiyon a cikin kwalin kayan Malam, tare da ma'aunin gishiri, wani ɗan abu na roba mai allura a ciki. Ta sa bakin tiyon guda a kan jan abin, ta durƙusa ta zuƙi ɗayan kamar yadda Manzo ya kwatanta. Ruwan ya zo da sauri fiye da yadda ta zata, ya cika mata baki, gishiri da ɗaci da wari. Ta tofar a bokiti, ta yi ta kakari, hawaye suka zubo mata. Shamsiya ta ce ta kawo ta karɓa, Haula ta ce a'a, ai ta riga ta sha.

Aikin ya ci yinin. Tiyon yana ɗauke jan abin falle-falle, yana haɗawa da rairayi, dole ta riƙa matse shi da yatsa tana saki. Bokiti ya cika da ruwa ja-ja, Shamsiya ta kai waje ta zubar. Bayan Haula ya riƙe, ta miƙe ta dafa bango, ta sake sunkuyawa. Wurin haɗa sabon ruwa suka rikice, sun zuba gishiri allurar ta haura, sun ƙara ruwa ta faɗo. Alƙasum ya yi gyaran murya, Shamsiya ta kai masa ma'aunin gaban idonsa. Ya ɗora babban yatsansa na hagu a kan wani layi ya danna. Suka yi ta gyarawa suna kai masa, yana girgiza kai, har sau da yawa, kafin ya gyaɗa.

Da suka ciro injin, bakinsa cunkushe yake da wani abu kamar laka. Shamsiya ta wanke shi da tsohon buroshin haƙori. Da aka mayar, saman ruwan ya fara rawa kamar yadda Haula ta manta yana yi.

Sai rufewa. Haula ta ɗauko bargo mai kauri ta yafa wa akwatin ta ɗaure da igiya, ta saki labulen taga. Ɗakin ya yi duhu, ba abin da ake ji sai ƙugin inji da fanka.

Shamsiya ta koma Takanamat ranar Lahadi saboda makaranta. Ta tafi tana waiwaye, ta ce wa uwarta maganar mai otal tana nan in ta canza shawara.

Kwanakin bargon sun fi duk na baya nauyi. Alƙasum ya san dalilin rufewar, shi da kansa ya sha yi wa mutane a Abijan, amma sanin bai hana shi komai ba. Ya juya fuska bango. Ta kawo kunu ya datse baki. Ta kawo fura ya datse. Ta yi lallashi, ta ƙyale shi, ta sake lallashi. A rana ta biyu da azahar ta zauna a bakin gadon da kwanon a cinya, kunun ya huce ya yi yana.

"Malam, ni ma na gaji," ta ce. Ba ta ɗaga murya ba. "Ban iya da kai da su duka in kana yi mini haka. Ka sha, ko in kira Auta ta kira mai otal. Ba barazana nake maka ba. Ƙarfina ne ya ƙare."

Can ya juyo da kai a hankali, ya dubi fuskarta, ya sauke ido ya dubi ƙafafunta da suka cika silifas ɗinsa. Ya buɗe baki. Ta ba shi cokali biyar ko shida, ya ɗaga hannu alamar ya isa. Ta karɓi hakan.

Ranar da ta kwance bargon, kifin biyu suka fito daga bayan dutse suna lilo, sun ɗan koɗe amma lafiya lau. Jan abin ya tafi, sai ɗan tabo a gindin dutse wanda ta zuƙe nan take. Rairayin bai koma fari kamar na dā ba. Ya yi launin gero da aka surfa, kuma ya ragu, har gilashin ƙasa yana leƙowa a wani gefe. Ta ɗauki hoto da salular ta aika wa Manzo. Ya maido da saƙon murya ya ce ta yi ƙoƙari, amma kada ta saki jiki, abin yakan dawo, sai ta riƙa zuƙewa duk mako tana canza ruwa kaɗan-kaɗan har abin da ya taru a ciki ya ƙare. Zai iya ɗaukar wata biyu ko fiye.

Ya kuwa dawo. Bayan mako guda jan ya sake leƙowa a kusurwarsa, ƙarami kamar tafin jariri. Ta zuƙe. Ya sake fitowa, ta sake zuƙewa. Ta samu wani mai kabu-kabu, dattijo ɗan unguwarsu, da yake kawo mata bido biyun duk Asabar ya ajiye a zaure. Ta ɓoye gwangwanin abincin cikin kwallar tufafinta, baƙi suka tambaya ta ce ya ƙare. Ta koyi cika tiyon da ruwa ta toshe da yatsa kafin ta sa, ba sai ta zuƙa da baki ba. Mai launin ruwan ƙasan ya yi ta raguwa har ta daina lura da shi. Alƙasum ya koma kallo. Idan tana aikin yakan nuna mata wurin da ta tsallake, wani lokaci ta bi, wani lokaci ta yi kamar ba ta gani ba.

Ruwan sama na farko ya sauka a Tawa wata Laraba da yamma, iska ta fara kaɗawa da sanyi. Haula ta gama zuƙar makon, ta zubar da bokitin, ta wanke hannu. Ta dawo ta zauna a kan tabarma kusa da gadon ta jingina da bango.

"Manzo ya ce in kana so zai aiko da wani shuɗin," ta ce. "Na ce masa a'a."

Alƙasum ya dube ta.

"Waɗannan biyun zan riƙe su iyakar kwanansu. In sun tafi ba za a kawo wasu ba. Ka ji?"

Ya mai da ido kan akwatin. Can ya gyaɗa kai sau ɗaya.

Ta ce to. Ta miƙe ƙafafunta, ta ja ɗankwalinta ta rufe fuska. Akwai wanki jiƙe a baho da tukunyar da ba ta ɗora ba, ta ce a ranta bari ruwan ya ɗan tsagaita tukuna. Kafin ya tsagaita barci ya ɗauke ta a zaune.